Ra'ayi: Kafin ka sayi sabuwar manhajar zanen gini, fara gyara foldarka

Kwanakin baya wani maigidana da ke da ƙaramin ofishin zanen gine-gine a Gyadi-Gyadi, wajen Court Road, ya kira ni in duba masa kwamfuta, wai ta yi nauyi. Ni ba mai zanen gini ba ne, aikina rubuta manhaja, amma a unguwa duk wanda aka ga yana riƙe da laftof to shi ne likitan kwamfuta. Na je na same shi ransa a ɓace, kuma ba kwamfutar ce ta ɓata masa rai ba. Dawowarsa ke nan daga wani gini da ake yi a Tarauni, bene mai hawa ɗaya, inda ya tarar an tsayar da pila daidai inda ƙofar banɗaki ya kamata ta kasance.

Ga yadda abin ya faru. Bayan an gama zane, Alhajin da ke da ginin ya nuna wa wani ɗan'uwansa, shi kuma ya lura cewa masai a ɗakin maigida yana fuskantar alƙibla. Alhaji ya bugo waya ya ce a juya. Aka juya banɗakin, ƙofarsa ta matsa. Yaron ofis ya gyara zanen ƙasa, ya mai da shi PDF, ya tura wa birkila ta WhatsApp. Amma shafin da ke nuna wuraren pila, wanda aka ba masu ɗaurin rodi tun makonni biyu kafin nan, yana nan yadda yake. Kowa ya bi takardar da ke hannunsa, kuma kowa yana da gaskiya. Da maigidana ya yi faɗa, birkilan cewa ya yi, "Injiniya, ga takardarku nan, ni abin da na gani na gina." Ƙarshenta sai da aka fasa bango, aka sake tsarin ɗakin, ofis ya ɗauki rabin asarar don kada a rasa Alhaji.

Da na buɗe foldar aikin na ga tushen matsalar. Fayil tara ne na gida ɗaya. Akwai "gidan Alhaji", akwai "gidan Alhaji sabo", akwai "sabo 2", akwai "na ƙarshe", akwai kuma "na ƙarshe na gaske". A cikin kowane fayil an kwafi zanen ƙasa sau uku ko huɗu an jera gefe da gefe: ɗaya na awo, ɗaya na wayarin, ɗaya na famfo, ɗaya na pila. Idan bango ɗaya ya matsa, sai mutum ya tuna ya bi kowane kwafi ya gyara da hannu. Ranar da ya manta ɗaya, ranar ce ake fasa bulo.

Maigidana ya tambaye ni ko in ya koma Revit matsalar za ta ƙare. Amsar da na ba shi ita ce abin da nake so in faɗa a wannan rubutu: abin da ke damun ƙananan ofisoshin zane a Kano ba rashin sabuwar manhaja ba ne, rashin tsari ne. Wanda bai tsara zanensa a AutoCAD ba, ko an ba shi manhajar da ta fi kowace tsada, hargitsin zai kwasa ya tafi da shi. A fara da tsari, sannan a ɗora wa kwamfuta aikin maimaici.

Gini ɗaya ne, mahanga ce take da yawa

Bari in yi wa mai karatu da ba ya cikin sana'ar bayani a taƙaice. Gida ɗaya yana buƙatar zane iri-iri. Akwai zanen fili, mai nuna inda ginin ya zauna a filoti da tazararsa da titi da maƙwabta. Akwai zanen kowane hawa kamar an cire rufi ana leƙowa daga sama. Akwai zanen fuska, gaba da baya da gefe biyu. Akwai zanen yanka, kamar an sa wuƙa an raba ginin biyu don a ga tsayin ɗaki da kaurin dekin da matakalar bene. Sai jadawalin ƙofofi da tagogi, sai na injiniya mai nuna fandisho da pila da rodi. Kowane ɗaya daga cikinsu mahanga ce, wato wurin da ka tsaya kake kallon abu ɗaya. Ginin bai ƙaru ba, kai ne ka sauya wurin tsayuwa.

Dukkan hikimar manhajojin zane tana kan wannan: a ajiye ginin a wuri ɗaya, kowace mahanga ta riƙa ɗebowa daga can. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982. Tun a 1990 aka raba masa fili biyu: filin zane, inda ake zana ginin da ainihin girmansa, da filin takarda, inda ake buɗe mahanga a kan shafi a saita mata ma'auni. A mahanga ɗaya kana iya kashe leyar wayarin ka bar ta famfo, a wata ka yi akasin haka, alhali bangon guda ɗaya ne. Ka matsar da shi sau ɗaya, ya matsa a ko'ina. Shekara sama da 30 ke nan da samuwar wannan, amma har yau ka shiga ofisoshi da dama za ka tarar ana kwafar zane ana jerawa, ana zana akwatin shafi a kewaye da shi, kamar yadda ake yi a zamanin allon zane da fensir.

Revit, wanda ya fito a 2000 kuma Autodesk ya saye shi a 2002, ya ƙara matsawa gaba. A cikinsa ba layi kake ja ba, bango kake ginawa mai kauri da tsayi, manhajar ce ke fitar da zanen ƙasa da na fuska da na yanka da jadawalin ƙofofi daga gini ɗaya. ArchiCAD na kamfanin Graphisoft da ke Hungary ya riga shi a kan wannan tunani tun shekarun 1980. Da a ce ofishin maigidana yana aiki a haka, kuma zanen injiniya yana jingine da nasa, da an ga pila a bakin ƙofa tun a kan allon kwamfuta.

Me ya sa abin ya fi cizo a wurinmu?

Wani zai ce ai ko'ina a duniya ana samun kuskuren zane. Haka ne. Amma akwai abubuwa uku da suka sa namu ya fi tsanani.

Na farko, mu ba ma gama shawara kafin mu fara gini. Zanen da aka kai wa hukumar tsara birane ta KNUPDA aka samu amincewa ba safai yake zama shi ne aka gina har ƙarshe ba. Hajiya za ta zo ta ce kicin ya yi ƙanƙanta. Maƙwabci zai aiko cewa tagar bene tana leƙa tsakar gidansa. Maigida zai ce a ba falonsa ƙofa ta daban don baƙi kada su ratsa ta sashen iyali, ko a fitar da shago biyu ta gefen titi. Kuɗi ya yi ƙasa, a ce bangon ciki a mai da shi bulo inci 6 maimakon inci 9, wato daga milimita 225 zuwa 150, kuma wannan kaɗai ya taɓa awon kowane ɗaki. Yawancin waɗannan buƙatu suna da hujja, kuma ba za su daina zuwa ba. Saboda haka ofishin da ke aiki a Kano ya fi na Ingila buƙatar tsarin da ke jure gyara.

Na biyu, WhatsApp ne ma'ajiyar zanenmu. A wayar birkila akwai PDF huɗu, dukkansu suna ɗaya, babu lambar gyara, babu kwanan wata. Wanda ya fara faɗowa hannunsa shi zai buɗe.

Na uku, wurin bugawa. Zanen da aka tsara a takardar A3 a ma'aunin 1:100, sai a kai shi shagon buga takardu a ce a matse shi ya shiga A4. Da an yi haka ma'aunin ya koma wajen 1:141. Bangon da yake mita 4, wanda ya kamata ya zama milimita 40 a takarda, sai ya dawo wajen 28. Duk wanda ya ɗora rula a kai zai karanta mita 2.8. Daga A1 zuwa A3 kuwa rabi ne cif, 1:50 ya zama 1:100, amma a ƙasan shafin har yanzu 1:50 ne a rubuce.

Tsarin da ba ya cin ko sisi

Abin da muka fara yi a wancan ofis bai buƙaci sayen komai ba. Mun zauna yini biyu muka amince da dokoki kaɗan, muka rubuta su a takarda muka manna a bango.

Kowane aiki folda ɗaya, ainihin fayil ɗaya. Duk tsohon kwafi ya koma wata folda da aka sa wa suna "tsoho", da kwanan wata a jikinsa. Ba a sake rubuta "na ƙarshe" a sunan fayil.

Ba a kwafar zanen ƙasa. Mai aikin wayarin ko famfo ya jingina fayil ɗinsa da na asali ta umarnin XREF, ta yadda duk gyaran da aka yi a can zai bayyana a wurinsa da ya buɗe.

Kowane shafi yana da lamba mai ma'ana. Mun ari tsarin da ake bi a Amurka: harafi yana nuna sashe, lambar farko tana nuna irin zanen. A-101 zanen hawan ƙasa, A-102 na sama, A-201 fuska, A-301 yanka, S-101 na injiniya. Idan maigidana ya ce wa birkila ta waya "buɗe A-301", babu sauran "wanne daga ciki?"

Kowane gyara yana da lamba da kwanan wata da layi ɗaya mai faɗin abin da aka sauya, a jikin shafin da kuma a sunan PDF. Kuma idan gyara ya taɓa bango, ba a tura shafi ɗaya; duk shafukan da abin ya shafa ake turawa tare, a karɓe tsofaffin takardu daga wurin gini.

A ƙasan kowane shafi a rubuta girman takardar da aka tsara shi a kai, a zana sandar ma'auni wadda za ta ƙanƙance tare da zanen, a kuma rubuta da Hausa ƙarara: "A bi lambobin awo, kada a auna da rula." Ban ga dalilin da zai sa gargaɗin da aka yi domin birkila ya kasance da Turanci ba.

Doka ta ƙarshe ita ce ta fi jawo gardama: ba a rubuta lamba da hannu a kan layin awo. AutoCAD yana barinka ka goge ainihin awon ka rubuta wanda kake so, layi yana 3300 kai ka rubuta 3600 don kada ka sha wahalar matsar da bango. Wannan ƙarya ce a cikin zane, kuma ranar da aka tara awon ɗakuna aka ga ya fi faɗin filoti, babu wanda zai san inda aka yi ta. Revit ma da gangan yake hana mutum maye awo da wata lamba kai tsaye.

Sannan a kira kwamfuta

Bayan tsari ya zauna ne na ga abin da zan iya taimakawa da shi a matsayina na mai rubuta manhaja. Dalili kuwa mai sauƙi ne: kwamfuta ba ta iya aiki da "na ƙarshe na gaske". Tana buƙatar suna mai bin doka. Da zarar akwai doka, abubuwa da yawa suna zama aikin daƙiƙa.

A AutoCAD akwai kundin shafuka da za ka ga an rubuta masa Sheet Set Manager, yana nan tun fitowar AutoCAD 2005. Ka shigar da sunan aiki da wurin fili sau ɗaya, su bayyana a akwatin bayanan kowane shafi. Ka buga shafuka 20 da dannawa ɗaya. Akwai kuma AutoLISP, yaren rubuta ƙananan umarni da ke cikin manhajar tun 1986, wanda daga fitowar 2024 har AutoCAD LT yana karɓarsa. Da shi na rubuta wani ɗan umarni da bai kai layi 40 ba: yana bin zane gaba ɗaya, duk layin awon da aka rubuta wa lamba da hannu ya mai da shi ja. Ranar da muka fara gwada shi a wani tsohon aiki, shiru ofishin ya yi.

Na kuma rubuta wani da Python wanda ke duba foldar PDF kafin a tura: idan shafin A-101 yana gyara na 3 amma S-101 yana nan a na 1 da tsohon kwanan wata, sai ya yi tambaya. Bai san komai game da gini ba. Lamba kawai yake kwatantawa. Amma da yana nan tun farko, da pilar nan ba ta tsaya a bakin ƙofa ba.

Ga masu Revit hanyar ta fi faɗi. Kana iya ajiye saitin mahanga guda, wato ma'auni da kaurin layi da abin da za a nuna da wanda za a ɓoye, ka ɗora shi a kan dukkan zanen hawa, ranar da ka gyara saitin duk su gyaru. Akwai Dynamo, inda ake haɗa akwatuna da layi maimakon rubuta umarni, yana iya karanta jerin shafuka daga Excel ya ƙirƙire su. Akwai pyRevit, wanda kyauta ne, mai kayan ƙirƙirar shafuka da buga su a jere. Sai dai a sani, Revit ma yana da nasa hargitsin. Mahangar zanen hawa ba ta zama a shafi biyu, don haka mutane kan kwafe ta, kuma in babu dokar suna, cikin wata guda za ka tarar da mahanga 60, rabinsu "kwafi na kwafi", babu wanda ya san wacce ce a kan shafi. Cutar foldar nan ce ta sake riga.

Abin da masu ja da ni suke faɗa

Na ji ƙorafi iri huɗu, kuma ba na raina ko ɗaya.

Akwai mai cewa kuɗi. Gaskiya ne. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da sabon lasisi na dindindin, sai haya, kuma hayar Revit ta shekara ta haura dala 2,000, ga shi yana son kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Kowa ya san yadda akasari ake samun waɗannan manhajoji a garin nan, ba kuma zan ba kowa shawarar bin wannan hanya ba. Amma duk dokokin da na lissafa a sama ba su buƙatar sabon lasisi. Ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin fasaha suna iya samun lasisin karatu kyauta daga Autodesk. FreeCAD, wanda kyauta ne ga kowa, ya fitar da zubinsa na 1.0 a 2024 da sashen zanen gini a ciki; bai kai Revit laushi ba, amma ya isa a koyi tunanin.

Akwai mai cewa za a raba yara da abincinsu, tunda aikin jera shafuka da gyara akwatin bayanai shi ne abin da ake ba sabon yaro. Ni na ga akasin haka. Yaron da ya yi kuskuren nan na pila ba malalaci ba ne, an ba shi aikin da ɗan Adam ba ya iya yi ba tare da mantuwa ba. Yanzu lokacin da yake ɓatawa a kwafe-kwafe yana zuwa wurin gini da tef, yana ganin yadda zanensa ke zama bango. Shi ne kuma ya karɓi ɗan umarnin nan nawa ya ƙara masa abin da ban yi tunani ba.

Akwai mai cewa kwamfuta tana yaɗa kuskure da sauri. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma na yarda da ita. Saiti ɗaya mara kyau zai lalata shafuka 30 a lokaci guda. Shi ya sa nake ganin umarnin farko da ya kamata kowane ofis ya mallaka shi ne mai bincike, ba mai gyara ba: ya nuna inda matsala take, mutum ya yanke hukunci. Kuma babu umarnin da zai maye gurbin wanda ya yi rajista da ARCON ko COREN ya duba ya sa hannu. Manhaja ba ta san ƙasar Tarauni ba, ba ta san inda ruwa ke kwanciya da damina ba, ba kuma ita za a kira ba idan dekin ya tsage.

Sai mai cewa ai birkila ba ya karanta zane, da igiya da idonsa yake aiki. Wannan raini ne kawai. Birkilan da na ba da labarinsa ya karanta takardarsa daidai. Ofis ne ya ba mutum biyu labari biyu.

Kira ga ɓangarori uku

Ga masu ofisoshin zane: ku ware yini ɗaya da babu aikin gaggawa ku rubuta dokokinku a shafi guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da Alhaji ke tsaye a kanku yana jiran takarda ba ranar gyara folda ba ce.

Ga 'yan'uwana masu koyon rubuta manhaja, waɗanda kowa burinsa ya ƙirƙiro wata babbar manhajar waya: ku leƙa ofisoshin da ke unguwanninku. Daga Zoo Road zuwa Unguwa Uku akwai mutane da ke maimaita aiki ɗaya da hannu kullum, kuma layi 40 na umarni zai sauƙaƙa musu. Ba sai kun iya zanen gini ba. Ku zauna kusa da mai yi, ku ga abin da yake yi sau goma a rana.

Ga mai gini kuma, wanda kuɗinsa ne ke narkewa idan an fasa bango a wannan tsadar siminti da rodi: duk lokacin da ka nemi a sauya wani abu, komai ƙanƙantarsa, ka tambayi mai zanenka shafuka nawa gyaran ya taɓa. In ka je wurin ginin, ka karɓi takardar birkila da ta mai ɗaurin rodi ka duba ƙasansu. Idan lambar gyara da kwanan wata ba su zo ɗaya ba, ka ce a dakata da kwaɓa siminti har sai an kira ofis.